Hotunan Ƙirji Biyu, Tukunyar Iska Ɗaya

Zafin bana ya sauko da wuri, tun watan Maris bai yi nisa ba. Ranar Talatar da ta wuce na raka jikata asibiti saboda wani tari da ya ƙi jin magani. Aka tsayar da ita gaban na'ura, wata yarinya mai farar riga ta danna wani abu, kafin uwar jikar tawa ta gama gyara mata riga sai ga haƙarƙarinta a allon kwamfuta. Babu fim, babu ruwan wanki, babu jira. Likita ya ce ƙirjinta lafiya lau, amma ni na riga shi gani. Da muka fito, zafin kwalta ya bugi fuskata, na nemi inuwa na zauna. Wata bazara ce ta dawo mini, wadda ta wuce shekara hamsin.

Sunana Ishaya. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa na zo Kaduna ina saurayi, na samu aiki a ɗakin wankin hoto na wani asibiti a cikin gari. Ogana ne ke ɗaukar hoton ƙirji, ni kuma in shiga da fim ɗin ɗakin duhu, in tsoma shi cikin ruwan magani, in ɗauraye, in rataye, in rubuta sunan mai shi a kusurwa da farin fensir. Ni ba likita ba ne, firamare kawai na gama. Amma wanda ya shekara bakwai yana rataye hotunan ƙirji, yana kuma jin labarin wanda ya koma gida da wanda bai koma ba, dole idonsa ya koyi wani abu. Huhu mai lafiya baƙi yake fitowa, domin iska ce a ciki. Duk inda ya yi fari, ciwo ya cinye wurin iska.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, da ruwan sama ya ƙi sauka. Muna zaune a Kurmin Mashi, gidan haya mai ɗakuna shida da rufin kwano, ni da matata Rifkatu da 'yarmu Ladi mai shekara uku. Ɗakin da ke kallon namu na Malam Shu'aibu ne, mutumin Rigachikun, wanda ke koya wa yaran unguwa karatun allo a zaure. Matarsa Hajara, 'yarsu Binta, ta girmi Ladi da shekara ɗaya. Tare yaran nan suke wuni. In an ga ɗaya a bakin murhu, to ɗayar tana bayanta.

Gero da dawa sun yi wuya a kasuwa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, da safe kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Ɗan hatsin da iyayen yara ke kawo wa Malam ranar Laraba ya tsaya, su ma ba su da shi. In ƙaninsa ya aiko da rogo daga Rigachikun, Hajara takan raba biyu ta turo mana. In na samo garin masara, Rifkatu ta yi haka. Daga baya ma suka daina hura wuta biyu, itace ya yi tsada, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Rijiyar gidan ta koma laka. Da asuba matan ke fita da bokitai su bi layin famfo, wani lokaci rana ta take kafin su dawo da rabin bokiti, ruwan ja kamar shayi. Zafi kuwa, da hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, da azahar ba ka iya taka tsakar gida ba takalmi. Kullum hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, mu ɗaga kai, iska ta watsa shi.

Cikin wannan hali ƙyanda ta shigo unguwa. Baƙon dauro mata ke kiranta, ba sa son ambaton sunanta. Gida gida take bi. Allurar rigakafi tana nan a lokacin, amma ba kullum ake samu ba, sau biyu Rifkatu ta je ta dawo an ce ta ƙare. Binta ce ta fara, zazzaɓi da jan ido da majina. Bayan kwana biyu Ladi ta bi. Matan suka haɗa su a ɗakinmu, tabarma ɗaya, suna karɓa-karɓa: wannan ta yi fifita, waccan ta ɗiga musu ruwan tsamiya a baki da cokali. Ƙuraje suka feso daga bayan kunne har tafin ƙafa. Da suka fara bushewa, fata tana saɓulewa kamar dusa, mata suka ce an tsallake.

Ni kuwa numfashinsu nake saurare. Da safiyar kwana na tara na ɗaga rigar Ladi, na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja iska, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Na ɗaga ta Binta, haka. Na fita na sami Malam a kan buzunsa yana wanke allo cikin ƙwarya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan asibiti za mu kai su, yau ba gobe ba."

Ya ce, "Baban Ladi, mutanenmu suna cewa ba a yi wa mai ƙyanda allura."

"Ƙyandar ta bar fata, ta koma ƙirji. Na ga irinsa da yawa. Zo ka duba."

Ya shigo ya durƙusa, ya daɗe yana kallon cikin 'yarsa yana lotsawa. Sannan ya ce, "To. Su sha wannan rubutun, sai mu tafi." Ya ba Binta, ya dubi Rifkatu, ta gyaɗa kai, ya ba Ladi ma.

A asibitin da nake aiki, ɗakin yara ya cika maƙil. Biyu-biyu a gado, wasu a tabarma tsakanin gadaje, fanka tana juya iska mai zafi da warin fitsari da magani. Duk inda ka juya tari ne. Likitan ɗakin wani siririn mutum ne ɗan Katsina, ba ya yawan magana, na san shi, ya san ni. Ya sa abin saurare a ƙirjin kowace, gaba da baya, ya dubi leɓunansu.

Ya ce, "Ishaya, wannan taka ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramar tawa ce, babbar ta maƙwabcina."

Ya yi mana bayani a tsaye. Ƙwayar ƙyanda ce ta shiga huhu, ita kuwa allura ba ta kashe ta. Za a yi musu allurar ne don kada wani ciwon ya hau kai. Abin da ke ceton yaro shi ne a riƙe shi da iskar oksijin har jikinsa ya ci ƙarfin ciwon. Tukwanen iskar uku ne a ɗakin, dogaye na ƙarfe masu tiyo da ake sa wa yaro a hanci. Biyu sun ƙare, motar da ke kawowa ba ta zo ba, babu wanda ya san ranar zuwanta. Ta ukun da safiyar nan aka cire ta daga hancin wani yaro da ya rasu.

Ya ce, "Duk ɗakin nan su biyu suka fi buƙata, kuma a kunne ban iya bambanta su ba. Je ka kawo mini hotunansu, sannan in yanke."

Na san abin da yake nufi. Makon da ya wuce na kawo masa hotuna biyu irin haka, na ga ya ajiye wanda ya yi fari fat, ya ba wanda ke da sauran baƙi. Ba mugunta ba ce. In iska ba ta isa ba, yana ba wanda yake ganin zai tashi.

Fim ma ya yi ƙaranci a lokacin, babba ɗaya nake yankawa huɗu saboda yara. Iyayen mata suka riƙe hannuwan yaran sama, Ogana ya ɗauka, Binta da farko. Na shiga ɗakin duhu na ja sakata. Kafin in tsoma, na datse kusurwar fim ɗin Binta da almakashi don kada su cakuɗe mini. Ni kaɗai na san wannan alama.

Ɗakin ba taga. Ruwan wanki ba ya son zafi, da ƙanƙara muke sanyaya shi, ta ranar kuwa ta narke tun hantsi, dole na rage lokacin tsomawa ina ƙirge a zuci. Gumi yana shiga mini ido. Na ɗaga su gaban jar fitila suna ɗiga. Na Binta, fari ya kama ƙasan huhun dama kamar faɗin tafin yaro, sauran baƙi ne. Na Ladi, dama da hagu, daga sama har ƙasa, kamar an watsa auduga. Da ƙyar ake ganin inda zuciya ta ƙare.

Na ɗauki fensir. Babu suna a kan ko ɗaya. Ƙirjin yarinya mai shekara uku da na mai shekara huɗu da yunwa ta rame su, ba wanda zai bambanta. Na sa bakin fensirin a kusurwar fim ɗin Ladi, farin nan, na rubuta harafin farko na sunan Binta. Na rubuta shi, hannuna bai ko girgiza ba. Ban tuna Allah ba, ban tuna rogon Rigachikun ba, ban tuna cewa ni na ce wa mutumin nan ya kawo 'yarsa ba. Leɓen Ladi kawai nake gani.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Muryar Malam ce.

"Baban Ladi, ba gaggawa nake maka ba. An ce ɗakin nan zafi gare shi, ga ruwa na ajiye maka a bakin ƙofa."

Na ji takunsa yana komawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na lashi babban yatsana na goge harafin, na rubuta Ladi Ishaya. Na rubuta Binta Shu'aibu a ɗayan. Da na buɗe ƙofa na tarar da moɗar ruwan, ban iya sha ba.

Likita ya ɗaga su ta taga, wannan, sannan wannan. Bai dube ni ba da ya ce wa Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, a sa wa Binta. Rifkatu ta dube ni, ta gane daga fuskata, ta zauna a ƙasa ta rungume Ladi, ba ta yi kuka ba.

Malam ya ce, "Likita, ba a raba musu? Wannan ta sha, wannan ta sha?"

"Malam, abin da ya rage, in an sake shi kaɗan-kaɗan, zai kai yaro ɗaya kwana huɗu ko biyar. In na raba, zai ƙare ba wadda ta amfana."

Gado ɗaya aka ba su, kai da ƙafa. Kwana biyun da suka biyo baya ban san yadda na yi aiki ba. In na wanke hotuna uku sai in ruga ɗakin yara in dawo. Ladi ta daina kuka, ba ta da iskar yinsa. Leɓenta ya koma launin toka. Rifkatu tana tallafe da ita a zaune, don in an kwantar da ita numfashin ya fi tsananta, tana goge mata jiki da jiƙaƙƙen tsumma, kafin ta kai ƙafa kan ya bushe. Mukan ɗiga mata ruwan sukari da gishiri, rabi ya shiga, rabi ya zubo. Na je wurin mai ajiyar kaya sau biyar ina tambayar mota, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Na hau keke da tsakar rana na zaga wurin masu walda, ko za su ba ni tasu tukunyar iskar, suka ce su ma mako biyu ke nan ba su kunna wuta ba. Na tsaya a bakin titi na yi addu'a da ƙarfi kamar mahaukaci, masu wucewa suna kallona.

Rana ta biyu da la'asar na shigo na ga abin da ban zata ba. Tiyon yana hancin Ladi. Hajara ce riƙe da shi, ta juya baya ta kare da mayafinta, idonta yana kan ƙofa.

Na ce, "Maman Binta, me kike yi?"

Ta ce, "Yi shiru. Kaɗan nake ɗan sa mata in Sista ta fita. Tawa ta sha tun jiya."

Ya kamata in hana ta. Ban hana ba. Na tsaya na tare ƙofa da jikina har ta mayar.

Da safiyar rana ta uku Binta ta rikice. Jiya tana buɗe ido har ta nemi ruwa, yau ƙirjinta yana sama yana ƙasa kamar ta yi gudu. Likita ya sa a sake ɗaukarta. Na wanke, na ɗaga, na ga baƙin nan duk ya tafi, ya fi na Ladi fari. Na kai masa, na gaya masa abin da Hajara ta yi, na ce ko shi ne.

Ya ce, "Ba shi ba ne. Minti nawa ne? Hoto abin da ya riga ya faru yake nunawa, Ishaya. Ranar da muka ɗauka, ciwon 'yarka ya kai ƙarshen hawansa, na wannan kuwa yanzu ya fara hawa. Fim bai gaya mini haka ba."

Ana kiran sallar azahar Binta ta cika, kanta a cinyar uwarta. Malam ya shafa mata ido, ya yi salati a hankali. Sista ta zo ta zare tiyon, ta goge shi da auduga, ta zagayo ƙarshen gadon ta sa wa Ladi. Zan faɗi gaskiya, tunda na tsufa. A daidai lokacin da na ga tiyon ya shiga hancin 'yata, abin da ya fara zuwa mini ba baƙin ciki ba ne. Sanyi na ji a raina. Baƙin cikin daga baya ya zo, ya tarar da kunya ta riga shi.

Da la'asar aka kai ta. Ƙasar maƙabarta ta bushe kamar dutse, diga tana tashi da wuta. Na karɓi digar daga hannun wani, aka ce in bari, na ƙi, na yi ta sara har tafina ya fashe. Bayan an rufe, Malam ya kama hannuna ya duba, ya ce, "Koma wurin yarinya, uwarta ita kaɗai ce."

Washegari da hantsi sai ga Hajara a ɗakin yara da kwanon kunu a hannu. Ta ce gidan ya cika da masu gaisuwa, ta kasa zama. Ta karɓi Ladi daga hannun Rifkatu, ta ce mata ta je ta ɗan miƙe bayanta. Ranar ce hadari ya haɗo bai watse ba. Wajen ƙarfe uku iska ta taso tana buga tagogi, sannan ruwa ya sauko, ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya shigo ya kori warin ɗakin. Iyaye mata suka miƙa kwanoni ta taga suna tara. Zafi ya karye. Allurar da ke nuna sauran iska a tukunya tana dab da ƙasa, ina kallonta ina kallon leɓen Ladi. Kwana biyu bayan haka motar ta iso, an riga an fara girgiza tukunyar.

Ranar da Ladi ta cika mako a asibiti ta buɗe baki ta ce, "Mama, kunu." Magana ta biyu da ta faɗa ita ce, "Ina Binta?" Rifkatu ta ce ta tafi Rigachikun. Ta yi wata tana tambaya, sannan ta daina. Da aka sake ɗaukar hotonta kafin sallama, har lokacin akwai fari a ciki, wanda da an nuna mini ban san mai shi ba sai in ce ba zai kai mako ba, ita kuwa tana tsakar ɗaki tana jan zanen uwarta. Yanzu ta haura hamsin, ta yi ritaya daga koyarwa, in sanyi ya shigo takan yi ɗan tari, shi ke nan.

Ban taɓa gaya wa Malam abin da na rubuta a ɗakin duhu ba. Mun ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan nan tare, har ya koma garinsu, har ya rasu. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga ba shi zan sauƙaƙa wa ba, kaina ne.

Bayan sadakar arba'in ɗin Binta, wata ranar Asabar da yamma, damina ta kankama, masara ta fara tsiro a bayan gida, Malam ya same ni ina gyaran keke.

Ya ce, "Baban Ladi, hoton nan da kuka ɗauki Binta, ana zubarwa ne?"

Na ce, "Ana ajiyewa, daga baya a ƙone."

"Ba mu taɓa kai ta wurin mai hoto ba. Uwarta tana ta cewa sai Sallah. In ba laifi ba ne, a ba mu."

Ranar Litinin na roƙi Ogana, ya ba ni. Biyu ne, na farko da na ƙarshe. Na bar na ƙarshen a can, na kawo na farkon, mai datsattsiyar kusurwa. Malam ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya ɗaga shi sama ta inda rana ke faɗuwa, ya juya shi, ya sake juyawa.

Ya ce, "Ina ne zuciyar?"

Na nuna masa da yatsa. Na nuna masa ƙananan haƙarƙarin, da ƙashin wuya, da inda kafaɗarta ta ɗan karkace saboda ta motsa lokacin da ake ɗauka.

Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ita ce kuwa. Ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba."

Sannan ya juya wajen ɗakinsu, fim ɗin yana sama a hannunsa, ya ce, "Hajara, fito kafin rana ta faɗi. Zo ki ga Binta."